Ranar da Mata Suka Burga Inji

Kwanaki ke nan motar autana tana tsaye a ƙofar gida, har kaji sun mai da ƙarƙashinta wurin shan inuwa. Ba ta yi karo ba, ba ta faɗa rami ba, ga mai cike da cikinta. Wata 'yar fitila ce kawai ta kama a gaban sitiyari, sai motar ta ce ita kam ta gama tafiya. Na tako da sandata na ce masa, "To buɗe mana mu gani." Ya ɗaga murfin gaba, na leƙa, wallahi ban ga inji ba. Wani baƙin faifan roba na gani sumul, an rufe komai ruf, ko inda mutum zai zura sifana babu. Na ce, "Ina makanar take?" don mu nan Jazira inji makana muke ce masa. Ya yi dariya ya ce, "Tana ciki, Hajja. Ba a taɓa ta a gida. Sai an ɗora motar a kan wata an kai ta birnin Madani, a jona mata kwamfuta ta faɗi abin da ke damunta." Na ce, "Ikon Allah! Yau ga mota an goya ta." Autan nan nawa, ɗan Usta guda, wanda aka yaye cikin warin baƙin mai, yana tsaye gaban inji yana latsa waya. Ban ga laifinsa ba, don abin da aka kulle da gangan ba ragwanci ke hana buɗe shi ba. Na dai koma rumfa na zauna ina dariya ni kaɗai, har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, direban lori ne, kuma duk ƙauyukan da ke kewaye da Wad Haddad ba mai kiran sunansa, Usta kawai ake cewa, wato gwanin sana'a. Lorinsa irin tsofaffin nan ce masu dogon hanci da ake kira sifinja, an shafe ta da kore, an zana mata furanni a ƙofa. Ita ke kwaso audugar mutane daga hawasha, gonakin nan namu da ake ba ruwa ta magudana. Ita ke kai dawa kasuwa, ita ke ɗaukar amarya, ita ke ɗaukar mai naƙuda, ran da ta kama ita ke ɗaukar gawa. Tun tana kan gaɓar babbar magudana muke jin gurnaninta, kuma hon ɗinta ba ihu yake ba, kiɗa yake yi. Usta na da wani ɗan kiɗa da yake dannawa in ya doso gida, ni kaɗai na san ma'anarsa: a ɗora shayi. Yara su kwasa da gudu su tarye ta, awaki su watse, tsofaffi su ɗaga hannu daga gindin bishiya. Har mu mata mun san muryarta. In ta shigo tana tari sai ka ji maƙwabciya ta ɗaga murya ta kan zana, "Yau kam mutuniyar ba ta jin daɗi!" Motocin yanzu ba ka jin zuwansu, sai dai ka ɗaga kai ka ga baƙo a kanka ba ka ko gyara ɗankwali ba.

Kowace shekara, in an gama kwasar amfani rana ta fara zafin bazara, Usta yakan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sai a ɗage zana a shigo da lori tsakar gida, gindin dogon yaro, a rataya sarƙa a babban reshe. Mazan unguwa su taru su ja, ana "ya Allah, ya Allah", har injin ya taso sama yana lilo yana ɗigar da mai. Daga ranar gidana ya tashi daga nawa. Tabarmina su koma na ƙarafa, tasoshina su cika da jas, wato man lorin, tsofaffin zannuwana a yayyaga su a yi tsumma. Ina mita, amma Allah ya sani kwanakin nan sun fi mini kwanakin salla daɗi. Tun da hantsi ake jin ƙwas-ƙwas na ƙaramar guduma, Usta yana fitar da gaskit daga kwali, ni ina riƙe masa gefe. Rediyo na rataye a reshe, ƙamshin gahawa na gauraye da warin mai, dattawan da ko amalanken jaki ba su taɓa korawa ba suna kishingiɗe a kan angarib, gadon nan namu na igiya, suna ba shi shawara. Ba abin da ba a gyarawa a gida a lokacin. Tankin mai ya tsage, a liƙe da sabulu a kai gari. Lagireto na yoyo, a zuba garin shayi. Yaro yana rarrafe yana ganin cikin inji a buɗe, kafin ya iya wanke hancinsa ya san noti ya san sifana. Yanzu mutum zai tuƙa mota har ta tsufa a hannunsa bai taɓa ganin cikinta ba.

Abu ɗaya ne Usta ba ya wasa da shi. Akwai wasu ƙarafa kamar dogayen ƙusoshi masu faɗin kai, bawul ake ce musu, su ke buɗe wa inji numfashi su rufe. In ya zare su daga kan injin sai ya huda wani kwali ya sossoke su a jere, ya yi wa kowanne alama da alli, ya ajiye can gefe. Ko kaza ta gifta wurin sai ta sha jifa. Bai taɓa gaya mana dalili ba, shi mutum ne da magana ke yi wa tsada, mu kuma muka ɗauka fi'ilin maza ne kawai.

To, a gidan akwai surukata, mahaifiyar Usta, wadda gari duka ke kira Inna. Gajeriya ce, muryarta kuwa ta fi hon ɗin lori kaiwa nesa. Inna ba ta roƙo, aike take yi. Ta aiki yaro, ta aiki babba, na taɓa ganin ta aiki liman ya miƙo mata tsani, kuma ya miƙo. Tana yarinya ƙarama suka taso daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, da iyayenta da yayarta, da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a nan suka tsaya tsintar auduga, tsayawar ke nan. Har ta koma ga Allah bakinta bai sake ba, "munka" da "anka" take yi, Larabcinta kuwa sai a kasuwa, shi ma don faɗa. Takan ba ni labarin yadda ƙafafunta suka kumbura a hanya, yayarta ta goya ta, ita ma yayar duka-duka ba ta wuce tallan goro ba. Da suka girma aka aurar da Yaya ga wani masunci, ya tafi da ita kudu, wani ƙauye can bayan Rusairis. Tun rasuwar mahaifiyarsu ba su ƙara sa juna a ido ba, sai gaisuwa da 'yan tsintar auduga ke kawowa su mayar. Kowace shekara Usta ya ce, "Bana zan kai ki, Inna." Kowace shekara lodi ya sha kansa. Ita kuma ta ce, "Zumunta a ƙahwa take. Tawa ta tsuhwa, taka ta roba kuwa ta mutane ce."

A wata bazara, injin yana warwatse a kan tabarmi, sai ga wani mai sayar da busasshen kifi daga kudu ya yi sallama. Bayan ya sha ruwa ya ce da Inna saƙo ne ya kawo shi. Yaya idonta ya rufe, ta kwanta, ba ta ko fita tsakar gida, kuma duk wanda ya ɗaga labule sai ta tambaya ko ƙanwarta ce. Ya ƙara da cewa in za a je a yi sauri, don can kudu ruwa yana riga mu sauka, hadari ya fara haɗuwa. Kowa ya san ƙasar nan tamu, baƙar laka ce. Ruwan farko in ya zuba, hanyar da ta bar kwalta ta rufe ke nan, ba motar da za ta shiga sai kaka. Wa ya san ko Yaya za ta ga kaka? Inna ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta ƙulle kayanta a zane, ta fito ta ajiye ƙunshin kusa da tayar lori, ta zauna a kai. Usta ya dubi uwarsa, ya dubi injin da ke baje a ƙasa, ya share gumi. Akwai wasu zobban inji da sai ya je garin Sinnar ya samo kafin ya fara haɗawa. Washegari da sassafe ya fita, yana bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Don Allah kada kowa ya taɓa komai."

Ƙurarsa ba ta kwanta ba Inna ta miƙe. Ta aika aka kira Azumi mai fura, maƙwabciyarmu, wadda dariyarta ke tashin mai barci, aka kira sauran matan layin. Ta tsaya a kan ƙarafan nan baƙi ƙirin da gawayin mai ta ce, "Ku duba mani ƙazanta. In ɗan nan ya dawo, kwana da kwanaki zai yi shina goge su ɗai-ɗai da ɗan tsumma. Mu da ke wanke tukwanen biki kahin azahar? Ku kawo toka da yashi."

Na matso na rage murya na ce, "Inna, ai ya ce kada a taɓa."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Wa yac ce?"

"Shi."

"Ni na haihe shi ko shi ya haihe ni? Ɗauko babbar tasa."

Na ɗauko, ina zan sa kaina. Kuma gaskiya aiki ya yi kyau. Aka tafasa ruwa, aka dirje kowane ƙarfe da toka da yashi da soson dawa, ana hira ana shewa. Azumi ta zare bawul ɗin nan daga kwalinsu ta watsa a tasa gaba ɗaya, muka goge su har mutum na ganin haƙoransa a ciki. Da muka gama sai muka jera komai yadda mace ke jera kayan ɗakinta, manya da manya, ƙanana da ƙanana, notuna a ƙwarya guda, bawul masu faɗin kai a faranti ɗaya, masu ƙaramin kai a ɗaya. Muka share tsakar gida muka yayyafa ruwa. Inna ta koma kan ƙunshinta ta zauna tana jiran yabo.

Da la'asar Usta ya shigo da ledarsa a hannu. Ya tsaya. Ya dubi farantan nan suna walƙiya, ya cire rawaninsa a hankali, ya zauna a ƙasa daɓas. Ya ce, "Ina kwalin?"

Azumi ta ce, "Wane? Mai dattin nan? Ai da shi muka hura wutar ruwan zafi."

Mutum ba ya yi wa uwarsa tsawa. Ya tashi ya fita, muna hango shi ya miƙe har bakin magudana, ya tsaya yana kallon ruwa, ya wanke fuska, sannan ya dawo ya durƙusa gaban Inna. Ranar ce na ji ya yi doguwar magana. Ya ce kowane bawul da raminsa. Shekara da shekaru yana buɗewa yana rufewa a wuri guda, har bakinsa da bakin ramin sun ci juna sun daidaita, ko iska ba ta ratsawa. Yanzu ba wanda ya san wanne ne na wane rami, ga yashi ya kakkarce musu baki. In ya mayar da su haka numfashin injin zai riƙa zurarewa, ko tashi ba za ta yi ba, in ta tashi ma a daji za ta ajiye mu. Sai dai a wasa kowanne a sabon raminsa, da hannu, har ya zauna.

Inna ta ce, "Kwana nawa?"

Ya ce, "Ni kaɗai, ga sauran haɗi yana jira? Sai abin da Allah ya yi, Inna. Mako zai wuce."

Daidai lokacin wata iska ta taso daga kudu, mai sanyi-sanyi, da ɗan ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duk muka ji ta, ba wanda ya dubi wani. Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Garin gyaran gira na tsone ido." Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin ta ƙanƙance haka ba, tausayinta ya kama ni har na kasa tsayawa a wurin. Abincin yamma ma ba ta taɓa ba.

Gari na wayewa Usta ya kifa kan injin a bisa itace, ramukan suna kallon sama. Ya lakato wani kulli mai tsakuwa-tsakuwa da suke kira sanfara ya shafa a bakin bawul, ya zura shi a rami, ya kafa wata 'yar sanda a tsagin da ke kansa, ya sa sandar tsakanin tafukansa ya fara murzawa. Ƙarr, ƙarr, ƙarr. Ya ɗaga, ya juya kaɗan, ya ci gaba. Azumi ta shigo da ƙwaryar fura ta ban haƙuri, tana tafe tana raɓe-raɓe. Ta tsaya tana kallonsa. Can sai na ga kafaɗunta na rawa, ta ajiye ƙwaryar don kada ta zubar, ta fashe da dariyar nan tata.

"Usta, wannan shi ne aikin mako gudan? Yo ai burga ce! Burgar miya! Kuma wallahi hannunka ya yi nauyi, da kuka ce da ta yi gudaji."

Ya ce, "Azumi, kin ƙone mini kwali, ki bar ni da abin da ya dame ni. Wannan ba tukunya ba ce."

Inna ta ɗago kai daga kan ƙunshinta. "Ba ta sandar."

Ya ba ta, yana huci. Azumi ta gyara zama, ta tofa a tafi, ta kama. Sandar nan ta shiga gudu a hannunta, sauti ya fito daidai wa daida ba tsalle. Usta ya kawo kunne, ya ce ta rage dannawa, ta riƙa ɗagawa tana juyawa kamar yadda ta ga ya yi. Ba a jima ba ƙarr-ƙarr ɗin ya yi laushi ya koma shii, shii. Ya zare bawul ɗin ya goge, ya ɗaga shi a rana, ga wani siririn zobe mai ruwan toka ya zagaye bakinsa ba yankewa. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Maburgi nawa ne a layin nan?"

Kafin hantsi ya ɗaga an tattaro maburgan unguwa kaf, ranar ba gidan da aka kaɗa miya. Maƙeri ya dandaƙe bakin ƙusoshi ya kafa a gindin kowace ƙota don su kama tsagin. Aka ɗora kan injin a kan turame biyu, muka kewaye shi gwiwa na gugar gwiwa, masu yi na yi, masu jira na tafi, wadda ta gaji ta matsa wata ta karɓa. Usta na zagayawa da gwangwanin sanfara yana kasa kunne, ya ce wa wannan "ɗaga", ya ce wa waccan "kalas, ya isa." Azumi ta tsiro da waƙa nan take, wai Usta ya ce kar a taɓa, ga shi mun taɓa, ga shi yana roƙo mu ƙara taɓawa, mu kuma muna amsawa muna murza. Dattawan angarib suka rasa shawarar da za su bayar, ɗaya ya ce shi dai tun da yake bai taɓa ganin an yi wa mota gayyar mata ba. Kai, na yi dariya ranar har haƙarƙarina ya yi ciwo. Ina da ƙuruciya, ina da ƙarfi, tafukana na zafi ba na ko ji. Jikokina yanzu ko sunan maburgi ba su sani ba, mufraka suke cewa da Larabci, ita ɗin ma tana rataye, na'ura ke markaɗa musu komai.

Ba a yarda da bawul sai an gwada shi. Usta ya zaunar da shi a raminsa, ya tsiyaya kananzir a kai, kowa ya yi tsit a leƙa ta ƙasa. In ba ɗigo, a rangaɗa guɗa. In ya ɗiga, a yi wa mai shi ature ta koma bakin aiki. Inna ta karɓi maburgi tun farko ta zaɓi raminta, ta ƙi tashi. Hannun tsufa ne, ba ya sauri. Aka gwada nata ya ɗiga, ba wadda ta yi ature. Ta ƙara sanfara ta koma. Aka sake gwadawa ya sake ɗiga. Na ga tafukanta sun yi bororo sun fashe, na ce, "Inna, kawo in ƙarasa miki." Ta ce, "Da hannuna anka ɓata, bari in ga iyakata." Ta yagi tsumma ta naɗe hannuwan ta ci gaba, leɓunanta na motsi, ban sani ba ko addu'a take ko zagin ƙarfen. Rana ta karkata sosai sannan Usta ya tsiyaya kananzir a nata, muka leƙa, muka jira, ƙasa a bushe. Guɗar da Azumi ta yi sai da jakunan unguwa suka amsa.

Aikin mako ya ƙare a yini guda. Washegari maza suka taru aka mayar da inji mazauninsa, aka ɗaure, aka zuba mai da ruwa. Batir ya yi sanyi, don haka aka turo lorin waje, gari duka ya sa hannu, maza a baya, mu mata a gefe muna riƙe da zannuwa. Aka tura ta kan gaɓar magudana. Ta yi tari ta yi shiru. Aka sake turawa, ta yi atishawa ta yi shiru. A turi na gaba ta yi wata girgiza, ta tofar da baƙin hayaƙi a fuskar liman, ta kama gurnani lafiyayye, sumul ba tari. Usta ya danna hon, yara suka haukace da tsalle. Ko da muka waiga Inna ta riga ta kai bakin ƙofar gaba da ƙunshinta, tana aiken wani ƙato ya ɗaga ta.

Ta ce in zo in riƙe ta a hanya, don haka na shiga tsakiya, farkon tafiyata mai nisa ke nan. Muka bar gida da asuba, muka wuce Sinnar, muka wuce Sinja. A Abu Hujar muka tsaya aka ƙara ruwa, Inna ta hana mu ko shan shayi. Daga Abu Na'ama sama ta fara sauya launi, gabanmu ya yi baƙi, walƙiya na tsaga shi can nesa. Muka haye kogi, kwalta ta ƙare, muka faɗa hanyar ƙasa mai manyan tsaguwa, busasshiya tana jiran ruwa. Usta ya ƙanƙame sitiyari. Ɗigon farko ya faɗo a gilashi, ɓal, kamar an jefo ƙwai. Inna ta leƙa ta taga, carbi a naɗaɗɗen hannunta, ta ɗaga wa hadarin yatsa. "Kai, dakata! Ban iso ba!" Ni da Usta muka dubi juna, tsoro bai hana mu dariya ba. Yayyafi ya ƙaru, ƙasa ta fara kama taya, bayan lorin na kaɗawa hagu da dama, injin kuwa na ja bai ko yi gyatsa ba. Muna hango jinkayen ƙauyen sama ta ɓalle. Lori ta shiga tsakanin gidaje da jan ciki, ta nutse har gindi a ƙofar masallaci ta tsaya. Da mun ƙara ko rabin yini a gida, da sai dai mu juya daga bakin kwalta.

Muka fito cikin ruwa, laka har idon sawu. Wata mata ta taro mu da faifai a ka, Usta ya tambaye ta da ido kafin baki, ta ce, "Tana nan, tana nan, ku shigo." Ɗakin cike yake da 'ya'ya da jikoki. A kan angarib ga wata tsohuwa a kwance, ta rame har ba ta tada mayafi, idanunta fari fat suna kallon jinka. Inna da ba ta taɓa jiran izini a ƙofar kowa ba ta toge a bakin ƙofa. Sallamar da ta yi, ni da ke riƙe da ita da kyar na ji.

Tsohuwar ta juyo da kai. "Wa ke nan?"

Inna ta saki hannuna. Ta taka a hankali ta durƙusa, ta kai fuskarta kusa. Yaya ta ɗago yatsu tana lalube, ta bi goshi, ta sauko kunci, ta tsaya a kan zanen da wanzami ya yi musu tun a gida, ta bi shi layi-layi har ƙarshe.

"Ladiyo?"

Ban taɓa jin sunan ba. Na dubi Usta, shi ma bai taɓa ji ba.

"Ni ce, Yaya."

"Sai yanzu?"

"Sai yanzu, Yaya."

Suka rungume juna suna kuka suna dariya, mu ma duk muka kama, ruwa na dukan jinka ba mai jin wani. Allah ya ba su daminar nan duka tare, don Inna ƙin biyo mu ta yi da ƙasa ta sha iska, sai da aka fara yankan dawa Yaya ta cika, kanta a cinyar ƙanwarta. A ranar dai, da kukan ya lafa, Yaya ta ture ta kaɗan ta gyara kwanciya, ta ce da wata murya mai iko da na san irinta sarai, "To kin zo kin zauna mani a kai. Tashi ki ɗebo mani ruwa, maƙoshina ya bushe."

Ɗakin ya yamutse, jikoki suka zabura, ni da na fi kusa da randa na riga kowa kai hannu kan moɗa. Sai na ji an buge mini hannu, tas. Inna ce, ta taso tsam kamar 'yar yarinya, laka har gwiwa, tsumma a tafukanta, hawaye bai bushe mata ba, fuskarta kuwa fal murna.

Ta ce, "Saki. Ni anka aika."